Bashin Miskinan Yaƙi

Ran 11 ga watan Afrilu na shekarar 1792, wani tsohon soja mai suna William Hayburn ya shiga ɗakin shari'a a birnin Filadelfiya, wanda a lokacin nan shi ne mazaunin gwamnatin Amurka. Bai kai ƙarar kowa ba, ba kuwa wanda ya kai ƙararsa. Yaƙi ne ya naƙasa shi, ya zo a duba rauninsa a sa sunansa cikin waɗanda gwamnati ke ba fansho, kamar yadda wata sabuwar doka ta ce a yi. Alƙalai uku ke zaune. Suka ƙi sauraronsa, suka ce wannan ba aikinsu ba ne, ya fita kamar yadda ya shigo. A ran nan yaƙin ya yi shekara tara da ƙarewa, alkawarin da aka yi wa irinsa kuwa ya kusa shekara goma sha shida.

Mutanen Amurka suna yabon waɗanda suka kafa ƙasarsu, suna kiransu iyayen ƙasa, a wurare da yawa kuwa sun cancanci yabon. Amma abin da suka yi wa sojojin da suka bar ƙafa ko hannu ko ido a fagen fama abin kunya ne, uzurorin da aka saba kawo musu kuwa ba su wanke su ba. Kuɗin da ake ba wanda yaƙi ya naƙasa bashi ne a kan gwamnati, an ƙulla shi tun ranar da aka ce wa mutum ya ɗauki bindiga. Shugabannin nan suka mai da shi kamar sadaka, wadda mai bayarwa ke bayarwa in ya ga dama, bayan ya gama tuhumar mai roƙo.

Ga yadda abin ya faro. Jihohi goma sha uku ne jere a gaɓar teku, duka ƙarƙashin Sarkin Ingila, Joji na Uku. Suka yi masa tawaye a kan haraji da waɗansu al'amura, aka fara harbe-harbe cikin 1775, ran 4 ga Yuli 1776 suka yi shelar sun ɓalle, ba a yi sulhu ba sai 1783. Wanda ya ja rundunarsu shi ne Janar Joj Washinton. Manyan gari da 'ya'yan masu hali su ne hafsoshi. Amma waɗanda suka daɗe cikin sahu da bindiga a kafaɗa yawancinsu talakawa ne: 'ya'yan manoma marasa gona, da 'yan ƙwadago, da yaran masu sana'a, da baƙin da ba su daɗe da sauka daga jirgin ruwa ba, da baƙaƙen mutane, waɗansu 'ya'ya waɗansu bayi. Albashin farabiti bai cika dala 7 a wata ba, in ma an biya shi ke nan.

Ya kamata mai karatu ya san abin da rauni ke jawowa a zamanin nan. Harsashin bindigarsu dunƙulen dalma ne, kaurinsa ya kai kan babban yatsa. In ya sami ƙashi farfasa shi yake yi. Likita ba shi da dabara sai zarto, ba a kuwa san maganin sa barci ba tukuna, sai a danne mutum a yanke yana ji yana gani. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana ya koma gida, ƙasar da ya koma ƙasar gatari ce da garma, gama kusan mutum tara cikin goma da noma suke ci. Mai dungun hannu ba ya sare daji, mai ƙafar katako ba ya bin shanun noma cikin taɓo. Wanda ya rasa gaɓa ya rasa abincinsa da na iyalinsa har ranar da za a kai shi kushewa.

Shugabannin sun san haka sarai. Shi ya sa ran 26 ga Agusta 1776 Majalisarsu ta zartar cewa duk hafsa ko soja ko ma'aikacin jirgin yaƙi da ya rasa gaɓa, ko ya naƙasa har ba ya iya neman abinci, za a riƙa ba shi rabin albashinsa muddin ransa, ko muddin naƙasar na nan. A lura da ranar. Rundunar Ingila ta riga ta sauka daf da Niyu Yok, kashegari kuwa, ran 27, aka gwabza a tsibirin Long Island aka fatattaki mutanen Washinton. Watau bukata ce ta sa aka yi alkawarin. Ana neman mazan da za su tsaya gaban igwa, aka faɗa musu farashi, suka yarda suka tsaya, ciniki ya faɗa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, kowa ya san abin da ya wajaba a kansa.

Sai dai Majalisar da ta yi alkawarin ba ta da ikon karɓar haraji ko na anini. Saboda haka ta ce kowace jiha ta biya nata miskinan, a lissafa mata daga baya. Wata jiha ta biya, wata ta yi ta jan ƙafa, wadda ta biya ma sau da yawa da kuɗin takarda ta biya, waɗanda darajarsu ke zubewa kullum. Cikin Maris 1780 Majalisar da kanta ta yarda cewa dala 40 ta takarda daidai take da dala 1 ta azurfa. Cikin 1785 aka tsai da cewa farabitin da ya naƙasa ƙwarai dala 5 zai samu a wata, wanda naƙasarsa ba ta kai haka ba a rage masa gwargwado. Sa'an nan cikin Yuni 1788 aka ƙara wani sharaɗi, aka ce wanda bai kawo kukansa cikin wata shida ba an rufe masa ƙofa. Wata shida, a ƙasar da ba jirgin ƙasa ba waya, inda gurgu ke zaune bayan duwatsu, tafiyar kwana da kwanaki daga inda ake buga jarida, watakila ma bai iya karatu ba! A ina aka taɓa jin wanda ake bi bashi ya ce, in ba a zo karɓa kafin kaka ba, bashin ya faɗi?

Uzuri na farko da ake kawowa shi ne babu kuɗi. Gaskiya ne ƙasar ta fito daga yaƙi da bashi har wuya. Amma sai a duba su wa aka tuna da su sa'ad da aka matsu. Cikin 1778 aka yi wa hafsoshi alkawarin rabin albashi na shekara bakwai bayan yaƙi, cikin 1780 aka mai da shi muddin rai, ko da kuwa mutum bai sami ƙwarzane ba. Cikin Maris 1783, rundunar na zaune a Newburgh, hafsoshin suka yi gunaguni har aka ji tsoron za su juya wa Majalisa bakin bindiga. Washinton ya tara su ran 15 ga wata ya lallashe su, bayan mako guda Majalisa ta yarda ta ba su cikakken albashin shekara biyar a maimakon rabin nan, a rubuce cikin takardu masu kawo ruwa. Su suna tare wuri guda, da takubba a ɗamara, sun kuma iya rubuta takardar koke. Miskinai kuwa suna warwatse a ƙauyuka, kowa yana jinyar kansa, ba wanda ke tsoronsu.

Sauran sojoji aka sallame su da takardun shaida cewa suna bin gwamnati albashi. To, mai yunwa ba ya cin takarda. Suka yi ta sayar da su ga 'yan baranda da attajiran birni, wani lokaci ba a ba mutum ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke rubuce. Da aka kafa sabon tsarin mulki, Washinton ya zama Shugaban Ƙasa cikin 1789, sai ma'ajinsa Alexander Hamilton ya kawo shawara cikin 1790 a ɗauki bashin ƙasa duka, fiye da dala miliyan 70, a biya duk wanda takarda ke hannunsa a kan abin da ke rubuce a jikinta. Wani wakili, James Madison, ya tashi ya ce a raba: wanda ya sayi takarda a ba shi abin da take ci a kasuwa, sauran a mayar wa wanda ya sha wahalar. Aka yi ƙuri'a, mutum 36 suka ƙi, 13 suka yarda. Hujjar Hamilton ita ce, in gwamnati ta fara zaɓen wanda za ta biya, nan gaba ba mai sake ba ta rance. Hujja ce mai ƙarfi, ba a raina ta. Amma in amanar gwamnati ake tsaro, ai alkawarin 1776 ma amana ce, ya kuwa girmi takardun attajirai. An tsare amanar wanda ya ba da kuɗi, an yi sakaci da ta wanda ya ba da ƙafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba za a hana sabuwar gwamnatin abin da ta yi na kirki ba. Ran 29 ga Satumba 1789 ta karɓi biyan fanshon miskinai daga hannun jihohi. Cikin dala 639,000 da aka ware don tafiyar da mulki a shekarar nan, dala 96,000 nasu ne. Amma a auna. Waɗanda aka ji wa rauni a yaƙin sun fi 6,000, ban da waɗanda cuta ta lalata, alhali sunayen da ke cikin littafin fansho a 1792 ba su wuce kimanin 1,500 ba, a ƙasa mai mutum kusan miliyan huɗu. Wakilan Majalisar nan da suka bar farabiti a kan dala 5 a wata, sun yanka wa kansu dala 6 a kowace ranar zama. Abin da wakili ke samu daga hantsi zuwa la'asar ya fi abin da mai ƙafa ɗaya ke samu daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani.

Uzuri na biyu ya fi na farko kyan ji. An ce mutanen da suka kori sarki sun tsani kalmar fansho ita kanta, domin sun ga yadda Sarkin Ingila ke raba wa fadawansa da 'yan korensa kuɗin talakawa da sunan nan, ba su so irin wannan ta tsiro a jamhuriya. Lalle akwai masu wannan tsoro, har aka yi taro a garin Middletown na jihar Connecticut cikin 1783 ana kukan kuɗin da aka ba hafsoshi. Amma wanda ya kasa bambanta bafade mai cin banza da gurgun da igwa ta karya, da gangan ya kasa. Kakannin mutanen nan da suka fara zama a Plymouth sun yi doka tun 1636 cewa wanda ya tafi yaƙi ya komo da naƙasa, jama'a za ta riƙe shi muddin ransa. Sarakunan da ake zagi ma ba su yar da nasu ba. Sarkin Faransa Luwi na Goma Sha Huɗu ya ba da umurni cikin 1670 a gina wa miskinan sojansa katafaren gida a Faris, Sarkin Ingila kuma ya kafa irinsa a Chelsea cikin 1682. Jamhuriyar da ta ce ta fi sarakuna sanin darajar talaka, a nan dai ba ta nuna ba.

Uzuri na uku shi ne tsoron 'yan zamba, shi ne kuwa ya fi yin ɓarna, shi ya kai Hayburn ga abin da ya same shi. Ran 23 ga Maris 1792 Majalisa ta yi doka ta sake buɗe ƙofar da aka rufe cikin 1788. Niyyar mai kyau ce. Aka ce mai nema ya je gaban manyan alƙalan tarayya sa'ad da suka zo rangadi jiharsa, ya kawo takardar hafsansa ko shaidu biyu, da magidanta uku na garinsu waɗanda suka san zamansa, alƙalai su duba raunin su faɗi abin da ya kamata a ba shi. Da an tsaya nan da an gama. Amma zargi bai bar wakilai sun tsaya ba. Suka ƙara cewa in alƙalai sun gama, sai a aika wa Sakataren Yaƙi, watau ministan harkokin soja, Janar Henry Knox, in ya yi zaton akwai ha'inci ko kuskure ya riƙe sunan ya kai wa Majalisa.

Nan alƙalai suka ja da baya. Suka ce tsarin mulki ya raba iko uku, masu yin doka daban, masu zartarwa daban, masu shari'a daban, ba shi yiwuwa kotu ta yanke magana sa'an nan minista ya warware. Na Filadelfiya, James Wilson da John Blair da Richard Peters, su ne suka ƙi sauraron Hayburn, suka rubuta wa Washinton dalilinsu. Na Niyu Yok, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai John Jay, suka ga dokar ta jinƙai ce, suka nemi hanyar tsakiya: suka ce ba za su yi aikin da sunan kotu ba, amma za su yi shi da sunan wakilan da Majalisa ta naɗa. Babban Lauyan Gwamnati, Edmund Randolph, ya kai maganar Hayburn Kotun Ƙoli cikin Agusta. Aka yi ta muhawara a kan ko yana da ikon kawo ta, daga baya aka ɗaga sai zama na gaba, ba a kuwa taɓa yanke ta ba. Masu koyon aikin lauya a Amurka suna karanta wannan shari'a, domin tana cikin wuraren farko da alƙalan tarayya suka ƙi bin dokar Majalisa saboda ta saɓa wa tsarin mulki. Alƙalan suna da gaskiya a kan doka, laifin na waɗanda suka tsara ta ne. Amma sunan Hayburn ya shiga littattafan lauyoyi ne ba don an share masa hawaye ba.

Me Majalisa ta koya daga wannan? Sai ta ƙara ɗaure igiyar. Dokar 28 ga Fabrairu 1793 ta ce mai nema ya kawo rantsuwar hafsansa ko likitan rundunarsa ko shaidu biyu cewa a bakin aiki ya sami raunin. Likita biyu su duba shi. Magidanta uku masu gonar kansu su shaidi yadda ya zauna cikin shekara biyun farko bayan sallama. Waɗansu shaidu biyu su ce naƙasar ba ta rabu da shi ba tun daga lokacin. Sa'an nan ya kawo dalili mai ƙarfi da ya hana shi nema kafin Disamba 1788. A tuna an yi shekara goma da watsewar rundunar. Hafsan ya mutu ko ya yi ƙaura zuwa yamma, abokan sahu sun bazu cikin jihohi, talakan da ke yawon ƙwadago daga gari zuwa gari kuwa ina zai sami masu gona uku da za su tuna da shi? Kowane sharaɗi cikin waɗannan ya fi sauƙi ga mai wayo da kuɗin sayen shaidu bisa ga mai gaskiya marar gata. Don tsoron wake ɗaya aka zubar da garin duka.

Akwai kuma wata kalma da aka sauya a ɓoye cikin dokar. Ta 1792 ta karɓi wanda ya naƙasa ta rauni ko ta wani sanannen dalili. Ta 1793 ta ce sai sanannen rauni kaɗai. Alhali a yaƙin nan cuta ta kashe mutane fiye da harsashi nesa ba kusa ba. A sansanin Valley Forge, cikin hunturun 1777 zuwa 1778, kimanin mutum 2,000 suka mutu ba tare da an yi wani babban karo ba, sai yunwa da sanyi da zazzaɓi da atuni. Dubbai suka ruɓe cikin tsofaffin jiragen da Ingilishi suka mai da kurkuku a tashar Niyu Yok. Wanda agana ta makantar a bariki, da wanda ƙanƙara ta cinye wa yatsun ƙafa yana gadi ba takalmi, da wanda ya fito daga cikin jirgin nan da tarin da ba ya warkewa, duk dokar ta ce ba ta san su ba, tun da ba su da tabon harsashi da za su nuna.

Waɗanda suka dace da alƙalai masu tausayi ma ba su tsira ba. Wani tsohon soja na Connecticut, Yale Todd, Jay da abokansa suka duba shi cikin 1792 suka sa shi a littafi, ya karɓi kuɗinsa. Gwamnati ta kai shi ƙara don a gwada ko aikin da alƙalan suka yi da sunan wakilai ya halatta. Cikin Fabrairu 1794 Kotun Ƙoli ta ba gwamnati gaskiya. Ba a ce Todd ya yi ƙarya ba, ba a ce rauninsa na bogi ne ba. Hannun da ya sa masa hatimi ne aka ce ba shi da iko. Da shi da sauran irinsa suka koma farkon hanya, ƙarƙashin sharuɗɗan da suka fi na da tsanani.

Daga nan sai abin ya zama na wanda ya san wani. Akwai wata mace a jihar Massachusetts, Deborah Sampson, wadda ta yi shigar maza ta shiga soja cikin 1782 da sunan Robert Shurtliff, aka ji mata rauni, ba a gane mace ce ba sai da zazzaɓi ya kwantar da ita, aka sallame ta cikin 1783. Ta koma ta auri manomi suna fama da talauci. Sai da wani sanannen mutum, Paul Revere, ya rubuta wa wakilin yankinsu takarda cikin 1804 yana roƙa mata, sa'an nan aka sa ta a littafin miskinai cikin 1805, a kan dala 4 a wata. Ita labarinta abin mamaki ne, shi ya sa manya suka kula. Dubun da labarinsu ba shi da daɗin ji fa? Ga shi kuma cikin Nuwamba 1800 gobara ta cinye ofishin Sakataren Yaƙi a birnin Washinton tare da takardun da ke ciki. Gwamnati ta rasa nata shaidun, amma ba ta sassauta wa talaka nasa ba.

Sai da aka yi shekara talatin da uku da ƙare yaƙi, cikin 1816, aka ɗaga dala 5 ɗin nan zuwa dala 8. Shekarar da ta biyo James Monroe ya hau shugabanci. Shi da kansa harsashi ya taɓa shiga kafaɗarsa a Trenton cikin Disamba 1776, yana ɗan shekara goma sha takwas. Ya yi rangadi ya ga tsofaffin abokan yaƙinsa cikin tsumma, ya roƙi Majalisa ta dube su. Ran 18 ga Maris 1818 aka yi doka: wanda ya yi wata tara a rundunar ƙasa, in yana cikin matsi, a ba hafsa dala 20 a wata, farabiti dala 8, ko da ba shi da rauni. A shekarar nan kuma wakilai suka mai da nasu kuɗin zaman dala 8 a rana, kamar dai suna gudun kada gurgu ya kamo su.

Wakilan sun zaci waɗanda za su zo ba za su kai 2,000 ba. Sai ga kimanin mutum 20,000. Mai hankali da ya ga haka sai ya ce, ashe haka mazan jiya suka lalace ba a sani ba. Majalisa kuwa cewa ta yi lalle akwai zamba. Babu shakka an sami waɗansu masu hali da suka yi rantsuwar talauci suka karɓa. Amma maganin da aka kawo ran 1 ga Mayu 1820 ya fi cutar zafi. Aka tsai da biyan kowa, sai ya je kotu a bainar jama'a ya lissafa duk abin da ya mallaka, ban da tufafin jikinsa da shimfiɗarsa, a yi masa kuɗi, a aika wa Sakataren Yaƙi ya duba ko talaucin ya isa. Aka soke sunayen dubbai. Wanda ya yi ta fama da sanda a hammata har ya riƙe 'yar gona, ƙoƙarinsa ya zama laifinsa.

Takardun nan na 1820 suna nan ajiye, cike da lissafin tukwane da cokula da kujeru masu karyayyar ƙafa. Ɗaya daga cikinsu ta Joseph Plumb Martin ce, wanda ya shiga soja cikin 1776 yana ɗan shekara goma sha biyar, ya sha sanyin Valley Forge, ya ga faɗuwar Ingilishi a Yorktown cikin 1781, bai tuɓe kaki ba sai 1783. Ya je Maine ya sare daji ya yi gona, sai aka ce ƙasar ta Janar Knox ce, shi dai Knox ɗin nan da aka ba ikon tace sunayen miskinai. Aka yanka wa Martin dala 170, ya kasa biya, gonar ta yi ta zagwanyewa har ta ƙare. Da ya tsaya gaban kotu yana kusa da shekara sittin, da mata marar lafiya da 'ya'ya a gida, abin da ya lissafa shanu biyu ne da tumaki shida da alade guda, aka yi musu kuɗi dala 52. An bar masa fanshonsa, tun da ya tabbatar shi matalauci ne. Watau mutumin da ya ba ƙasa ƙuruciyarsa sai da ya tona asirin gidansa gaban maƙwabta kafin a ba shi abin da yake bi. Mai karɓar sadaka ake yi wa haka. Ba a taɓa tambayar attajirin da ke riƙe da takardar rance tukwane nawa ke ɗakinsa ba kafin a biya shi ruwan kuɗinsa.

Ran 7 ga Yuni 1832 aka yi dokar da ta kamata a yi tun da fari. Duk wanda ya yi shekara biyu a yaƙin, ko a rundunar ƙasa ko cikin dakarun jihohi, a ba shi cikakken albashinsa muddin ransa, wanda ya yi wata shida ko fiye a ba shi gwargwado, ba tambayar rauni, ba rantsuwar talauci. A lokacin baitulmali ya cika, bashin ƙasa ya kusa ƙarewa, ana ta bukukuwan tunawa da mazan jiya ana ɗora su a keken doki ana zagaya gari da su. Wanda aka yanke wa ƙafa bayan karon Long Island yana ɗan shekara ashirin, in ya kai ran nan, shekararsa saba'in da shida ke nan, masu irin wannan rauni kuwa kaɗan ne ke kaiwa haka. Dokar ta ce a fara lissafin biya daga ran 4 ga Maris 1831. Shekara arba'in da takwas da ke tsakanin sallama da wannan rana, ba ta ba kowa ko anini a kansu ba.